Fushin Ingila a Kasuwar Goronyo

Ku gyara zama. Wannan ba ta Gizo ba ce, ta Ja'afar ce mutumin Marnona, kuma in aka auna su biyun a sikeli ban san wanda zai rinjaya ba.

Ja'afar ya taɓa yin tuƙi a birnin Sakkwato, wajen wani Bature ɗan Ingila da ya zo aikin haƙa rijiyoyi. Sunan Baturen ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka bar shi a Jan Kunne. Da aikin ya ƙare, ko kuma aka ƙare da Ja'afar, ya danganta da wanda ka tambaya, sai ya dawo gida da tabarau mai ƙafa ɗaya da kuma Turanci. Turancin nan iri ɗaya ne tak. Ja'afar bai san yadda ake gaida mutum a Ingila ba, bai san na gode ba, bai san sannu da aiki ba. Amma in maganar ɓacin rai ce, ya haddace ta tsaf. Duk abin da Jan Kunne ya furta in kunnuwansa sun ƙara ja, Ja'afar ya bi akawun ofis kalma-kalma har an juya masa shi zuwa Hausa. Bai taɓa tambayar kansa abin da ya sa wannan kaɗai yake ji daga bakin maigidansa ba. Mu ma da muke zama muna saurarensa baki sake ba mu tambaya ba, don haka kada a ɗora masa wautar shi kaɗai.

Abin da ke gaban Ja'afar a kakar nan gonarsa ce. Jigawa ce da ta gaji, geron da ta ba shi ko ɓera ya shiga rumbun sai ya fito yana yi masa jaje. Takin zamani ya fi ƙarfinsa. Abin da ya rage masa shanun Ardo Mode ne. Al'adar wurin, in an kwashe amfanin gona, Ardo kan zaɓi gonar da garkensa zai riƙa kwana har faɗuwar ruwa. Shanu su ci kara su bar taki, kuma gonar da ta sami haka ta warke ke nan. Ardo ya riga ya karɓi goron Ja'afar, ya ce da yardar Allah gonarsa za a sauka. Lawwali, wanda gonarsa ke iyaka da ta Ja'afar, shi ma ya kai goro, aka sallame shi da Allah ya kai mu baɗi.

Ana haka sai maruƙan Ardo suka ratse hanya suka ci gefen harawar da Ja'afar ya tara. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma labarin ya riga shi isa teburin Atiku mai shayi.

Lawwali yana tsoma burodi ya ce, "To Ja'afaru, mi za ka yi? In ka yi shiru an raina ka. In ka yi hwaɗa shanu sun dawo gonata. Ni duk wanda kaz zaɓa godiya nike."

Ja'afar ya gyara tabarau, ya dubi mutanen bencin kamar likita ya shigo ɗakin marasa lafiya.

"Matsalakku ke nan, mutanen ƙauye. Hushi biyu kunka sani. Ko ku haɗiye shi ya zame muku hawan jini, ko ku ambaci uwar mutum a zaro sanda. Bature na da na ukku. Shina gaya maka ranai ya ɓaci, amma babu uwa babu uba cikin maganar. Hanci, bango, tsumma, ruhin ɗaki. Wa yat taɓa zare sanda don an ambaci tsumma?"

Atiku ya ce, "To in tsumma anka ambata, ƙaƙa mutum za ya san da shi aka hushi?"

"Ilimi na, Atiku. Kai dai zuba madara."

"Madarar ma ta gwangwani ta, ko ita ta ji Turanci?"

Ja'afar bai kula shi ba. Ya miƙe tsaye, ya ce ranar kasuwar Goronyo Ardo zai kai dabba, kuma duk mai son ya ƙaru ya bi mota ya je. A gaban jama'a zai nuna wa Ardo ɓacin ransa irin na Ingila, Ardo ya ji, ya ba da haƙuri, kuma shanu su kwana gonarsa. Daga nan ƙasar Wurno za ta daina zage-zage.

Lawwali ya ce, "Ni har kuɗin mota sai in biya ma wanda bai da shi."

Mai hankali ba ya kai sabuwar garma gona bai gwada ta a bayan gida ba. Don haka washegari da hantsi, da matarsa Bilkisu ta kawo kunu ya ɗan huce, Ja'afar ya ture kwanon, ya haɗe fuska.

"Bilkisu, kin shiga hancina."

Ta tsaya da ludayi a hannu. Ta dubi hancin, ta dubi kanta.

"Ni? Malam, hancin ga da girmanai dai, amma bai kai haka ba. Ko mura ta ka damunka?"

"Ba mura ba ta. Nuhina kin ɓata min rai. Ki kiyaye ni, saura kaɗan in ɓad da tsummana."

"Wane ciki? Na goge tukunya, ko wanda kaka ɗaurawa ga kai in za ka gona? In na gona na, ka daɗe da ɓad da shi. Ni nit tsinto shi bakin rijiya."

Wannan ba ta cikin shirin. Jan Kunne in ya yi maganar tsumma, kowa a ofis tsit yake yi, babu mai tambayar wane tsumma. Ja'afar ya ga babu makawa sai ya hau mataki na gaba.

"To ki sani, yanzun nan zan bugi ruhin ɗaki."

"Ruhin ga da kac ce za ka gyara tun bara? Buge shi, Malam, ko ya san gidan ga da namiji."

Shi kansa Ja'afar bai taɓa ganin Jan Kunne ya bugi rufi ba, faɗa kawai yake yi. Amma ya ga in aka tsaya a faɗa, Bilkisu ce za ta yi nasara. Sai ya tattare riga ya daka tsalle ya kai wa azara naushi. Ɗakin gajere ne, kansa ya riga hannun isa. Ƙasa ta zubo cikin kunu. Bayan ƙasar sai ga gidan rina, wanda ya daɗe a lungun azara bai taɓa damun kowa ba.

Bilkisu ta fice da ludayinta. Ja'afar ya biyo ta yana kaɗa hannuwa kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa, amma wata rina ɗaya mai zuciya ta riga ta zaɓi wurinta, daidai kan tsinin hanci.

Habi maƙwabciya ta leƙo ta kan zana. "Lahiya, Bilkisu? Mun ji gidanku ya motsa."

"Lahiya lau. Malam na ka bitar Turanci."

Bilkisu tana shafa masa jiƙaƙƙiyar toka ta ce, "Yanzu kam na yarda wani abu ya shiga hancinka. Amma Habi shaida ta, ba ni ba ta."

"Gwaji na," in ji Ja'afar ta cikin hanci. "Mata ba su da kan ilimi mai zurhi. Ardo dattijo na, za ya gane."

Ranar kasuwa hancin ya zama kamar albasar fadama wadda ta sha ruwa ta ƙoshi. Tabarau ya ƙi zama a kai. Motar kasuwa ta tafi da su Lawwali tun yana neman yadda zai rufe fuska da rawani, dole ya hau kabu-kabun Bashar. Bashar magidanci ne mai furfura a gemu, kuma abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne, bai taɓa kayar da fasinja ba. Sai dai ranar nan madubin babur ya zame masa jaraba. In ya duba don ya ga motar baya, sai ya ga hanci. Ya danne dariya, kafaɗunsa suna rawa, babur ɗin ma yana rawa.

Sun kusa Goronyo Ja'afar ya kasa daurewa.

"Bashar, kana tuƙa ni bisa bango."

Bashar ya taka birki. Ya sauke ƙafa, ya juyo a hankali.

"Wane bango, Malam Ja'afar? Dibi gabas, gonar albasa. Dibi yamma, gonar albasa. Ina bangon?"

"Karin magana ta ta Turawa."

"Tun da nike sana'ar ga ko ɗan tsako ban taka ba. In maganar ga ta kai tasha, a ce Bashar ya hau bango da mutum, wa za ya ƙara ba ni matatai in kai asibiti?"

"Ba bangon gaske ba na, na cikin zuciya na."

"To sauka, na cikin zuciya ya ƙarasa da kai."

Ya bar shi tsaye a gefen hanya. Rana ta fara dukan hancin, hancin yana ramawa. Can sai ga amalanken jaki ɗauke da kwandunan busasshen kifi daga bakin madatsar ruwa. Mai kifin, wani Musaddiƙ, mutum ne mai tausayi, ya matsa masa wuri tsakanin kwanduna. Ya ɗan saci kallon fuskar baƙonsa ya ce, "Bawan Allah, mi yas same ka?"

"Bari kawai. Wani ɗan kabu-kabu na yaz zubar da ni. Yadda kag gan ni, gashin kaza nike tohwarwa."

Musaddiƙ ya ja linzami. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wanda ke tofar da gashin kaza, ko allura, ko ƙashin kifi, ba fushi ke damunsa ba, hannu aka sa masa. Ya dubi hancin da sabon ido.

"Tun yaushe ya hwara hitowa?"

"Tun sahe. Kai, tun jiya ma."

"Hwari ko baƙi?"

"Mi?"

"Gashin."

"Kai ma ba ka gane ba. Duk Ingila haka suke in an taɓa su."

Musaddiƙ ya yi salati, ya sauka daga amalankensa, ya kama jakin a hannu yana tafiya yana karanta duk abin da ya sani. Haka suka shiga Goronyo, mai kaya a ƙasa, Ja'afar a sama bisa kifi kamar ango, ƙudaje suna yi masa rakiya. Kafin ya kakkaɓe riga, rabin kasuwa ta ji an kawo wani daga Marnona da aka yi wa sammu. Ɗaya rabin kuma Lawwali ya riga ya gayyace su kallon fushin Ingila. Sai ɓangarorin biyu suka haɗu suka bi shi har wajen dabbobi. Ja'afar ya waiwaya ya ga taron, zuciyarsa ta yi fari. Ko Jan Kunne bai taɓa tara mutane haka ba.

Ardo Mode yana tsaye a inuwar wata bishiyar bedi, malfa a ka, sanda a kafaɗa. Dattijo ne siriri wanda ba ya ɗaga murya ko da sa ya ɓalle. A hannunsa akwai igiyar wata jar akuya mai sheƙi, wani mahauci yana tattaɓa ƙugunta.

Aka gaisa, gida da iyali da dabbobi da gajiya. Ardo ya kawar da ido daga hancin saboda kunya irin ta Fulani, ya ce, "Ja'afaru, Allah ya kawo sauƙi. Dama ina nemanka. Maganar maruƙan ga, raina bai so ba. Na ce ma yara su..."

Ja'afar ya ga abin yana neman lalacewa. In dattijon ya ba da haƙuri tun kafin a yi fushin, me mutane suka zo kallo? Ya ɗaga hannu ya katse shi. Ya daɗe da ware wadda zai yi amfani da ita, wadda Jan Kunne ya fi yawan faɗa, wadda a ganinsa ta fi kowace taushi don babu gini babu gaɓar jiki a cikinta. Ya gyara murya, ya fara sakinta da asalinta don albarka.

"Ardo Mode. Yu get mai got."

Ardo ya ce, "Amin."

Sai Ja'afar ya juya ta da Hausa, da ƙarfi yadda na baya za su amfana.

"Ardo Mode, ka kama akuyata."

A wajen dabbobi akwai kalmomin da ba a wasa da su, kuma wannan ce babbarsu. Mahaucin ya janye hannunsa daga jikin akuyar kamar ya taɓa garwashi. Dillalan da ke ciniki suka saki hannun juna. Shirun ya bazu har wajen masu igiya.

Ja'afar ya ji daɗin shirun nan. Irinsa ake yi a ofis.

Ardo ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya dubi Ja'afar. "Mi kac ce?"

"Na ce ka kama akuyata. Kuma in gaya maka gaskiya, ja nike gani."

Idanun kasuwa duka suka sauka kan akuyar.

"Ya ma hwaɗi launinta," wani ya ce.

Wani mutumin Rabah ya kutso yana cewa shi ma tasa ta ɓace kwanan baya, a bari ya duba kunnen wannan. Dangin Ardo da ke wajen shanu suka fara tahowa ɗaya bayan ɗaya, sandunansu sun sauko daga kafaɗa. Mutanen gari su ma suka matso ta ɗaya gefen. Atiku mai shayi, da ya rufe teburinsa don ya zo ya ƙaru, ya fara neman hanyar da ba ta da cunkoso.

Allah ya sa Sarkin Dillalai, Alhaji Ɗahiru, yana kusa. Ya ratsa tsakiya da carbinsa, ya ce mai ƙara da wanda ake ƙara da akuyar duk su biyo shi rumfa. Aka zauna. Akuyar ce kaɗai hankalinta ke kwance.

Alhaji Ɗahiru ya ce, "Kai mai hanci, yaushe akuyakka ta ɓace?"

"Ranka ya daɗe, ba ta ɓace ba."

"To tana gida?"

"A'a."

"An yanka ta?"

"Ranka ya daɗe, ni ban da akuya."

Lawwali ya ɗaga hannu daga baya. "Wannan kam ina shaida. Ko kazar da ag gidan ta matatai ta."

"To mi Ardo yak kama?"

"Ba akuyar da ka cin dusa ba ta. A Ingila kowa na da tashi, cikin rai. In an ɓata maka rai, an kama ta ke nan. Magana ta ta masu ilimi, don kada a yi zagi."

"Don kada a yi zagi," Alhaji Ɗahiru ya maimaita, yana duban sandunan da suka kewaye rumfar.

Ardo ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa har sai da aka yi shiru don a ji. "Kakana ya yi kiwo bakin Rima. Ubana ya yi. An kira mu matsiyata shekarar da shanu sunka mutu, mun ji mun haƙura. Wagga kalma ba a taɓa aza ta bisa gidanmu ba, sai yau, tsakiyar kasuwa."

Nan Musaddiƙ mai kifi ya tura kai cikin rumfar. "Alhaji, a yi mishi uzuri. Ba cikin hayyacinai yake ba. Ni nid ɗauko shi, da bakinai yac ce gashin kaza yake tohwarwa. Dibi hancin. Sammu na."

Jama'a suka yi ajiyar zuciya. Ga ƙofa ta buɗe. Wanda aka yi wa sammu ba a kama shi da maganarsa, sai a yi masa addu'a a kai shi gida. Har fuskar Ardo ta fara sassautawa. Da Ja'afar ya sunkuyar da kai ya yi tari sau ɗaya, da shanu sun kwana gonarsa.

Ya miƙe zumbur. "Wane sammu? Lahiyata lau. Abin da ba ku sani ba sai ku ce sammu. Ilimi na, daga bakin Bature nij ji shi, ba a littahi ba."

Alhaji Ɗahiru ya ajiye carbi. "Madalla. Zamna. Baturen ga, ya kan hwaɗi maganar akuyar ga da yawa?"

"Kullum. Wata rana tun ba a karya ba."

"Ga wa yake hwaɗa ma?"

Ja'afar ya rage murya. "Ga wanda ak kusa."

"Wa ak kusa?"

"Galibi cikin mota yake hwaɗi."

"Ku nawa cikin motar?"

"Shi da direba."

"Wa ad direba?"

Wani ya fara dariya can baya, aka ce masa ya bari tukuna.

"To Ja'afaru, zaɓi ɗaya," in ji Alhaji Ɗahiru. "In maganar ga sata take nuhi, ka yi ma dattijo ƙazahi, kuma kai da bakinka ka ce kullum sai ka kama akuyar Bature. In ɓacin rai take nuhi, to ilimin ga da kaka yawo da shi, hwaɗan da anka yi ta yi maka na, kat tattaro kaz zo da shi gida awa tsaraba."

Sai ga muryar Bashar daga cikin taro, ashe ya sauke wani fasinja ya tsaya kallo. "Alhaji, a tambaye shi bangon."

"Wane bango?"

Ja'afar ya dubi ƙasa. "Na ohis na. Kuma birki na yaƙ ƙi."

"Tsumman fa?" in ji Atiku, wanda ya dawo da ya ga ba za a yi duka ba.

"Na goge mota na." Ja'afar ya ƙara da cewa, "Wannan kam ni nib ɓad da shi."

Rumfar ta kece. Dillalai suna tafawa, mahaucin ya riƙe ciki, har dangin Ardo suka mayar da sanduna kafaɗa suna rufe baki da gefen rawani. Mutumin Rabah ya saki kunnen akuyar ya sulale. Ja'afar ya tsaya a tsakiya, sai yanzu fuskar Jan Kunne ta dawo masa sosai, da wanda take kallo.

Ya durƙusa gaban Ardo. Turanci ya ƙare, sai Hausar da uwarsa ta koya masa. "Baffa, na yi wauta. Akuya taka ta, ban taɓa ganinta ba sai yau. Ka yahe min don Allah."

Ardo bai yi dariya ba tun farko, bai yi ba yanzu. Ya dube shi ya ce, "Ba komai."

Ya ja akuyarsa ya fita. Babu wanda ya ƙara taya ta, don dabbar da aka yi ƙara a kanta ko an wanke ta ba ta da kasuwa ranar.

A motar komawa Ja'afar ya ɗan farfaɗo. "Kun ji dai da kunnenku. Ya ce ba komai."

Lawwali ya ce, "Mun ji." Yana ta murmushi har Marnona. Duk wanda ya zauna da Fulani ya san ba komai iri-iri ce, kuma wadda aka faɗa a hankali haka ta fi sanda.

Bayan 'yan kwanaki garken Ardo ya taso. Ja'afar yana bakin gonarsa tun da sassafe, ya share wurin da za a kafa bukkoki. Shanun suka zo, farare da jajaye, suka bi gefen gonarsa a natse kamar an ja musu layi, suka shige ta Lawwali. Na farko bai gama shiga ba ya saki taki mai tururi, Lawwali yana yi masa sannu da zuwa.

A ƙarshen garken sai ga Ardo da kansa, da turke a hannu ɗaya, igiya a ɗayan. Ya shiga tsakiyar gonar Ja'afar, ya kafa turken, ya ɗaure jar akuyar.

"Ja'afaru, na ci goronka, kuma ba ni cin goro banza. Na ce dabbata za ta kwana gonakka. Ga ta. Kasuwa ta ƙi ta saboda bakinka, sai ta yi maka taki. Aro na, ba kyauta ba. In ruwa ya sauka ina zuwa in amshi abata."

Ya sa sanda a kafaɗa ya bi shanunsa.

Tun daga ranar Ja'afar ya tare a gona. Da safe ya matsar da turke gabas, da yamma ya matsar da shi yamma, yana bin bayan akuyar da tsintsiya yana rarraba abin da ta samar don kowace kunya ta sami rabonta. Sauran harawar da maruƙa suka rage, ita ta cinye. Bilkisu ta gaji da kiran sa, ta koma aika masa tuwo can.

Wata rana da azahar Lawwali ya tsallako iyaka, yana ɗaga ƙafa don kada ya taka arzikinsa. Ya tarar da Ja'afar zaune cikin rana, igiyar akuyar ɗaure a ƙafarsa.

"Haba Ja'afaru. Tahi gida ka huta mana. Wa za ya taɓa ta da rana tsaka?"

Ja'afar ya ƙara ƙulla igiyar.

"Lawwali, kai ma ka yi tunani. Daga Wurno har Rabah har Goronyo, ni kaɗai na mutumin da in an kama mishi akuya ba ya da bakin hwaɗi."